Tsarabar Baƙin Dundaye

Jibi za su tafi.
Oga ya ƙirgo dubu goma sha biyar ya danƙa mini,
ya ce, "Modi, kai ka san kasuwa,
nemo musu abin da ba zai yi nauyi ba."
Su uku ne. Wata huɗu suka yi da mu a jami'a
suna wahalar koyon harshen
da ni na tsotsa kyauta.

Na hau kabu-kabu, muka tsallake gadar Kwalkwalawa,
ina lissafi, iska tana kwashewa.

Kilishi ya fara zo mini,
wa ke barin Sakkwato babu shi?
Sai na tuna Yadwiga ta ce a filin jirginsu
akwai kare mai aikin gwamnati,
nama ko na layya ne sai ya tona.
Na wuce, kilishi yana kallona.
Albasarmu kuwa ta kai kan jariri,
amma ba a sallamar baƙo da abin sa hawaye.

A rumfar Dikko baduku na zauna,
inda jar fata ke ƙamshin bagaruwa.
'Yan jakunkuna uku, kowace tafin hannu.
Ya ce, "Na baƙi ne? To, kuɗin baƙi."
Na ce, "Baƙin na jirgi ne, aljihun na masinja."
Muka ja, muka saki, muka sha shayi,
ya rage mini abin komawa gida.

Hular Liyang ta ba ni aiki.
Na gwada a kaina, na ƙara yatsa biyu,
don kan da ya haddace karin magana ɗari
ba zai zo daidai da nawa ba.

Yadwiga, mafici na kaba mai jan baki.
Na san garinsu ƙanƙara ke sauka,
ta rataye shi a bango
ta riƙa tuna ranar da zafin Afrilu
ya sa ta ce "wayyo Allah" ba ta duba littafi ba.

Saura Minji, wadda ba ta cika magana ba.
Sau uku tana bin mu gida Mabera,
ta zauna gefen tabarma
tana kallon Inno tana dama fura.
Na zaga, na sake zagawa,
na ƙare da ƙullin lalle da munduwa biyu.

Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya.
Can ta ce, a hankali, tana tsintar kalmomi,
"Ludayin Inno, wanda ya tsage aka ɗinke,
ko za a iya ba ni?"

Kunya ta rufe ni har wuya.
Na kai saƙo da dare,
Inno ta yi dariya har da tari:
"Mi ɗiyar ga ta gani ga wanga luddai?
Ya girme ka, Modi!"
Amma da asuba na ji ta bakin randa
tana wanke shi, tana sake wankewa.
Ta naɗe shi a tsohon kallabinta, ta ce,
"Ka hwaɗa mata ba ya son zaman banza,
a riƙa damu da shi."

Na mayar wa Oga canjin ɗari bakwai
da takardar abin da na saya, layi-layi.
Ludayin bai shiga ba,
ban san kuɗin da zan rubuta a gabansa ba.

Yau kwana tara.
Inno na damu da sabo, tana mita,
wai har yanzu bai san hannunta ba.
Jiya ta tambaye ni
ko can inda yarinyar take ana samun gero.